Abokinmu idonsa ya tafi, yaya za mu ci gaba da wasa da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne muke buga wasan labari na dayis mai suna Dungeons & Dragons duk ƙarshen mako, ni ne mai jan labarin, to sai ciwon ido ya kama ɗayanmu yanzu da ƙyar yake ganin haske, har ya fara cewa zai daina zuwa wai kar ya zame mana nauyi. Dan Allah me zan saya masa? Na ji ana yin dayis na makafi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kafin ka sayi komai zauna da shi tukuna ka tambaye shi me ya fi ba shi wahala, don yawancin waɗanda suka rasa gani da girmansu ba su iya rubutun makafi ba. Rubutun nan da Louis Braille na Faransa ya fitar a 1829 ɗigo shida ne kawai, amma kafin yatsa ya saba sai an sha fama. Dayis masu ɗigon akwai su, wata ƙungiya a Amurka mai suna DOTS RPG Project tana yi, amma in bai iya karantawa ba ai ka sayo ado ne. Siri ma, mataimakiyar murya ta wayar iPhone, tana jefa dayis mai fuska 20 in ya ce mata da Turanci, ta faɗa masa lambar.

Ni a ganina matsalar ba a dayis take ba, a littafi take. Littattafan wasannin nan shafi ɗaya an raba shi gida biyu, ga jadawali, ga hotuna, ga rubutu kan launi mai duhu, manhajar da ke karanta allo irin NVDA (kyauta ce a Windows) ko VoiceOver ko TalkBack sai ta riƙa haɗa layin hagu da na dama, in kuma PDF ɗin hoto aka ɗauka shiru za ka ji kamar an ɗauke wuta. Alhamdulillah a 2023 kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, ya saki ginshiƙin dokokin, wato SRD 5.1, ƙarƙashin lasisin Creative Commons da ke ba kowa damar kwafa, don haka kwafo abin da yake buƙata ka zuba masa a rubutu zalla. Takardar bayanan jarumin da yake wasa da shi ma haka, kowane abu layinsa daban: Ƙarfi 16, ƙari 3. In da sauran gani, girman harafi 18 ko sama, baƙi a kan fari.

Taswirar wasan kuma manna zare a kan layukan ya riƙa shafawa, kowane gida ƙafa 5 ne dama, a sa maganaɗisu kar hannu ya ture 'yan mutum-mutumin dodanni.

Amma babban gyara a bakinka yake. Daina cewa "dodon yana can, ku kuna nan" kana nuni da yatsa, wallahi wannan shi ke sa mutum ya ji an bar shi a baya. Ce masa "dodon yana damanka, ƙafa 15, kana jin warin numfashinsa." Duk wanda ya jefa dayis ya faɗi lambar da ƙarfi, duk wanda zai yi magana a matsayin wani ya ambaci suna. Kuma kar wanda ya matsar masa da kayansa a kan teburi ba tare da ya gaya masa ba.