Tambaya da Amsa: Ƙafata Ce Ta Karye, Me Ya Sa Zuciyata Ke Ciwo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, shekarata 33, yarana uku, ina sana'ar waina da safe. Mako biyar ke nan da santsi ya kwashe ni a bakin rijiya da bokiti a hannu, idon sawuna na dama ya karye wuri biyu. An yi mini aiki an sa ƙarfe, aka yi mini siminti, likita ya ce kada in taka sai na cika mako shida an sake hoto. Zafin ƙafar ya ragu, amma ni na kasa gane kaina. Abu kaɗan sai in rufe yara da faɗa, daga baya in yi ta da-na-sani. Da dare idona biyu, sai kuka. Ƙanwar maigida ce ke mana girki, ko ruwa sai na roƙa. Masu sayen wainata sun koma wani gida. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce in gode wa Allah ƙafa ce, ba baya ba. Wallahi ina godiya, amma raina a ɓace yake. Ga dangin maigida sun matsa a fasa simintin a kai ni wurin mai ɗori, wai ya fi sauri. Anti, raunin imani ne ya kama ni?

Uwar yara uku, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya sa kaffara ne. Wasiƙarki ta tsaya mini a rai, domin na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu karaya, sannan ni ma na kwanta wannan kwanciyar.

Bari in fara da abin da ya fi ci miki rai. A'a, wannan ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙuba, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da bakinsa ya ce zai yi haƙuri kyakkyawa, amma a cikin Suratu Yusuf ɗin nan aka ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, har ya ce shi ga Allah yake kai kukan damuwarsa. Godiya da ɓacin rai suna zama a ƙirji ɗaya. Masu ce miki ki gode ba baya ba ne, da kyakkyawar niyya suka faɗa, sai dai maganar ba ta sauke miki komai ba, ta ma ƙara miki kunyar faɗin abin da ke ranki.

Tawa karayar a damina ta same ni, ina saukowa daga motar haya, ƙafar ta gurɗe a bakin kwalbati. Kafin ranar ban san iyakar marasa lafiyar da na ce wa "a yi haƙuri, mako shida kamar yau ne" ba. Abin da na fi tunawa shi ne wani dare a mako na uku. Ƙishi ya tashe ni, ga kofin ruwa can a kan madubi, bai fi taku huɗu ba, sandunan dogarawata kuma an jingine su a bayan ƙofa bayan an yi shara. Gidan kowa ya yi barci. Na zauna a bakin gado ina kallon kofin nan, ga 'yata kwance a ƙasa kan tabarma, yarinyar da ta wuni tana kai mini fo tana dawowa, na kasa tashinta. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar da ƙashin ya karye. A daren na gane abin da ke damun matan da nake gani suna juya fuska bango in an zo dubiya.

Ke da kike tashi tun kafin assalatu ki duba ƙullu ko ya tashi, ki hura wuta, ki goge tanda, kafin ƙarfe tara kin sallami layi kin ƙirga cinikinki kin ware na adashi, yau ke ce ke jiran a miƙo miki ruwa. Rana ɗaya kika rasa sana'arki da madafarki da kuɗin hannunki, da hirar da kike yi da masu saye, har da shiga banɗaki ba da sanin kowa ba. Ga rashin motsi, ga rashin fita hasken rana, ga barcin da siminti ya hana ki yi yadda kika saba. Kowanne daga cikin waɗannan shi kaɗai ya isa ya dagula wa mutum lissafi. Kuma mako na huɗu zuwa na shida shi na ga ya fi yi wa mutane nauyi. A farko zafi ya ɗauke miki hankali, gida cike da 'yan dubiya da kwanukan abinci. Yanzu ƙafar 'yan dubiya ta ɗauke, kowa ya koma harkarsa, an bar ki da bango da agogo.

Mu kuma mun saba, duk wanda aka ce wa "ya jiki?" sai ya ce "da sauƙi", ko da yana jin ransa zai fita. Tarbiyya ce mai kyau, ban ce ki bar ta ba. Amma ki zaɓi mutum ɗaya tak, yayarki ko aminiyarki ko shi maigidan, wanda in ya tambaya za ki gaya masa gaskiya: "Ƙafar da sauƙi, amma zuciyata ba daɗi." Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In maigida ne, ki zaɓi lokacin da yara suka kwanta, ki ce masa ba magani kike nema a wurinsa ba, ya zauna ya ji ki kawai. Maza da yawa in sun ga mace na kuka suna ɗauka an ce sun gaza ne, shi ya sa suke saurin cewa "to me kike so a yi?"

Kina ganin kamar a zaune kike ba abin da ke tafiya. Jikinki aiki yake ba dare ba rana. Idon sawu mahaɗar ƙasusuwa uku ce: babban ƙashin ƙwauri, da siririn da ke gefensa ta waje, da wani da ke ƙarƙashinsu a saman ƙashin diddige. Waɗannan ƙululun biyu da kike taɓawa ciki da waje, ƙarshen ƙasusuwan ƙwauri ne, galibi su ke karyewa. Kwanakin farko jini ke taruwa ya daskare a wurin karayar. Cikin mako biyu zuwa uku sai wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya haɗa bakin biyu. Daga nan yake ƙarfi a hankali ya zama ƙashi, abin da kan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu, sannan jiki ya yi watanni yana gyara shi. Ƙarfen da aka sa miki riƙe ƙashin yake a daidai mazauninsa har wannan aiki ya kammala.

Wannan shi ya kawo mu batun mai ɗori. Ina girmama masu wannan sana'a, gadonta ake yi, kuma a ƙauyuka da dama su ne kusa da mutane. Amma ƙafar da aka yi wa aiki aka sa ƙarfe, kada ki yarda a fasa simintinta a ja ta ko a murza ta. Gaɓa ce da ke ɗaukar nauyin jiki gaba ɗaya, in ƙashin ya goce ko da kaɗan ne ya haɗe a karkace, ciwon na iya bin ki shekaru. Na kuma ga ƙafafun da aka ɗaure da karare aka matse har jini ya daina zuwa, aka kawo su a makare. Saura miki mako guda. Ki roƙi maigida shi ya tare miki danginsa, ya ce musu a jira hoto. Wannan magana ba taki ba ce da surukai, ta fi sauƙi daga bakinsa.

Yanzu ga abin da ya fi taimaka mini, kuma shi nake so ki fara gobe. Ki mai da wa yininki tsarinsa. Ki tashi lokacin da kika saba tashi. Ki yi wanka a kan kujerar roba, ki sa ƙafar a leda ki ɗaure bakinta ki ɗora a kan bokiti. Ki sa atamfarki, ki ɗaura ɗankwali, ki sa kwalli, kada ki wuni da kayan barci. Da hantsi a fitar da ke tsakar gida ki sha rana, ƙashi na buƙatarta kuma zuciya na buƙatarta. Ki ɗora ƙafar a kan filo biyu ko uku ta ɗara ƙirjinki tsayi in kin kwanta, ki riƙa motsa yatsun, ki riƙa miƙe gwiwa kina lanƙwasawa. Sandunanki da ruwa da waya da tocila su kwana inda hannunki zai kai. Wannan na ƙarshe daga daren kofin nan na koya.

Sannan ki karɓi wani abu daga aikin gidanki wanda ake yi a zaune. Tsince shinkafa, gyaran zogale, yanka kuɓewa, tsifar kan 'yarki, biya wa yara karatun allo. Ƙullun wainar nan ma, ke kika san sirrinsa. In akwai yarinya mai hankali a gidan ko a maƙwabta, ki zauna kusa da murhu ki haɗa ƙullu, ita ta soya, ko mudu ɗaya ne a ranar Juma'a. Ribar ba za ta taka kara ta karya ba, amma ƙamshin wainarki zai sake fita daga gidanki, unguwa ta san kina nan. Masu saye kuwa bakinsu ya san hannunki. Ita ma ƙanwar maigida, ki gode mata a gaban yayanta, ki kuma bar mata girkin ta yi yadda ta iya. Na san ganin wata a madafarki da ciwo, ko da miyarta ta yi daɗi.

Yaran kuma, in kin yi musu faɗan da ya wuce laifinsu, ki kira su ki ce, "Ba ku ba ne, ƙafar ce ta dame ni." Yaro na gane wannan fiye da yadda muke zato. Ki ba kowannensu aikinsa: wannan shi ke kawo filo, wancan shi ke riƙe sanduna.

Salla ma na san tana cikin abin da ke taɓa ki, ko da ba ki faɗa ba. Imrana ɗan Husaini ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, saboda ciwon da yake fama da shi, aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Bukhari ya ruwaito wannan, ya kuma ruwaito daga Abu Musa cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya yana gida. Batun shafa a kan ɗauri wajen alwala, malamar Islamiyyarku za ta nuna miki, hannu mai ɗan danshi ya wadatar, ba a jiƙa siminti.

Akwai inda nake so ki buɗe kunne sosai. Ɓacin rai irin na jinya yana zuwa yana tafiya, in aminiya ta zo ki yi dariya, in an kawo abin marmari ki ci. Amma idan ya zama kusan kullum, mafi yawan yini, har mako biyu ko fiye, ba abin da ke ba ki sha'awa, abinci ya fita ranki, barci ya gagara, kina jin ke kaya ce a wuyan mutane, to ya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne mai magani kamar karayar. Kukan dare da rashin barcin da kika ambata sun isa ki gaya wa likita ranar da za ki koma hoto. Ki faɗa da bakinki, don shi ƙashi zai duba, ba lallai ya tambayi zuciya ba. Asibitin koyarwa na Shika yana da likitocin wannan fanni, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. In kuwa tunanin gara mutuwa ko na cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki jira ranar asibiti, ki gaya wa wani yau, a kai ki yau.

Haka nan ta wajen ƙafar: in sha-raɓarki ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi miki wuya, ko ƙirji ya riƙe, a tafi asibiti nan take, domin zama wuri ɗaya na sa jini ya daskare a jijiya. In yatsun sun yi sanyi ko sun canza launi ko sun mutu, ko simintin ya fara wari, ko zazzaɓi ya zo, shi ma ba a kwana da shi. In an rubuta miki tramadol, ki tsaya kan adadi da kwanakin da likita ya ce, kada ki aika kemis a ƙaro don ki samu barci. Mun ga yadda ƙwayar nan ta yi da gidaje a Arewa. Ƙaiƙayin cikin siminti kuma, kada ki zura kibiyar tsifa ko tsinke, fatar wurin ba ta da wuyar ciwo.

Ranar da za a cire simintin, ki shirya zuciyarki. Ƙafar za ta fito siririya, fatar ta bushe tana saɓa, gaɓar ta sandare kamar ba taki ba. Ni da na ga tawa sai da gabana ya faɗi, alhali na ga irinta ba adadi. Ba ranar za ki miƙe ki kama tafiya ba. Za a ce ki fara takawa kaɗan-kaɗan, a tura ki wurin masu gashin ƙashi, kuma zuwa wurinsu shi ne rabin warkewar, kada ki yanke don kin ga kina ɗingisawa da kanki. Yawanci sai an yi wata uku zuwa huɗu kafin tafiya ta daidaita, kumburin yamma kuwa yana iya kai wa shekara yana zuwa yana saɓewa. Tsuguno zai yi miki wuya da farko, don haka a tanadar miki kujera mai ɗan tsayi a gaban tanda da kuma banɗaki. Ki tafi da takalmi mai faɗi marar tudu, wanda ya fi ƙafarki girma, ki kuma ajiye man kaɗanya a gida, sai dai kada ya taɓa bakin ɗinkin sai ya gama warkewa. In kin dawo ki sake rubuto mini, ina son in ji abin da hoton ya nuna, da kuma yadda barcinki ya koma.