Amsa kan mallakar Balmoral da Sandringham

Malam, ka tambaya ko gidajen Balmoral (a Sikotland) da Sandringham (a Ingila) na gwamnatin Birtaniya ne. A'a, mallakar sarki ne shi kansa, ba kamar fadar Bakingham ba, wadda ke hannunsa saboda sarauta kawai. Yarima Albat, mijin Sarauniya Biktoriya, ya sayi Balmoral a 1852, kuma yawan zuwansu can ya sa tsaunukan Sikotland suka zama wurin yawon buɗe ido. An sayi Sandringham a 1862. Hujja mafi ƙarfi a ganina ita ce, da Sarki Edward na Takwas ya yi murabus a 1936, sai da ƙanensa Joj na Shida ya biya shi kuɗi kafin gidajen biyu su dawo hannunsa. A 1977 aka buɗe Sandringham ga masu ziyara.