Tambaya da Amsa: Harshen hukuma da harshen ƙasa

Wani ɗan'uwa daga Garwa ta Kamaru ya tambaya, shin harshen hukuma da harshen ƙasa abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne malam, kuma 'yan rediyo ne suka fi kowa cakuɗa su, sai ka ji mai labarai ya ce wai Faransanci harshen ƙasar Kamaru ne, haba. Harshen hukuma shi ne na kotu da majalisa da takardar ofis. Tsarin mulkinku na 1996 ya ce Faransanci da Ingilishi ne, matsayinsu ɗaya, su Fulatanci da Hausa da Ewondo da sauran sama da 200 kuwa su ne harsunan ƙasa, gwamnati dai ta ce za ta kare su ta bunƙasa su. To ko biyun nan ma daidaiton a takarda ya tsaya, yankuna 8 na Faransanci 2 na Ingilishi, shi ya sa a 2016 lauyoyin Bamenda da Buea, hedikwatocin yankunan Ingilishin, suka tafi yajin aiki saboda ana turo musu alƙalai masu Faransanci, malaman makaranta suka bi bayansu, abin ya zo ya rikiɗe ya zama yaƙi. A 2017 Paul Biya ya kafa hukumar kula da harsuna biyu, a Disambar 2019 aka yi dokar da ta ce kowanne ana iya aiki da shi a kotu da ofis, lauyoyin Ingilishi suka ce ai wannan ƙofa ce aka buɗe wa Faransanci a kotunansu. Mu ma a Najeriya kar mu yi dariya, sashe na 55 na tsarin mulkinmu ya yarda a yi Hausa da Ibo da Yarbanci a majalisa "idan an yi tanadi", tun 1999 ana jiran tanadin.

Wata malama daga Maraɗi ta ce, yare da harshe fa?

Harshe ya fi ladabi. Yare a bakin Bahaushe yana ɗauke da ɗan raini, maganar da ba ya ji ce. Masu cewa "yaren Hausa" a Facebook don Allah ku daina.

Wani ɗalibi ya tambayi ma'anar "dokin mai baki ya fi gudu".

Wanda ya iya zuba magana nasa ake ji, ko da na wani ya fi. Ba yabo ba ne, kar ka rubuta wa malaminka shi a kati.