Amsa ga Hajiya kan riyal faransa na kakarta

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari muryarki tun bayan Magariba, sai yanzu na samu zama. Kin ce kin tarar da riyal faransa, wato tsohon kuɗin azurfa, guda 6 a adakar marigayiya kakarki, Allah ya jiƙanta, duk an buga musu 1780, kina tambaya ko da gaske sun haura shekara 240, kuma ko ki wanke su da lemun tsami.

Wankin nan dai, don Allah kada ki yi. Baƙin da kike gani shi masu tara tsofaffin kuɗi ke nema. Da zarar an goge, an kankare fuskar, daraja ta faɗi, kuma ba ta dawowa. Ki naɗe kowanne daban a takarda, kada su riƙa gogar juna.

To batun 1780. Matar da ke jiki sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza. Larabawa ne dai suka laƙaba wa kuɗin faransa. A 1780 ta rasu, amma saboda 'yan kasuwar ƙasar Larabawa da Habasha da Sudan sun saba da shi, ba sa karɓar wani, sai aka ci gaba da bugawa da shekarar nan ba a canja ba. An buga a Landan, an buga a Roma, an buga a Bombai, har yau ma ana bugawa a Biyana, babban birnin Ostiriya. Ya'ani shekarar ba ta gaya miki tsufansa. Naki zai iya zama na zamanin kakar taki ne.

Abin da za ki yi, ki je wurin masu azurfa a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ki ce a ɗora miki kowanne a sikeli, a gabanki. Na ƙwarai giram 28 ne, azurfarsa 833 cikin 1000. In ya sha hannu zai ɗan ragu, amma in kika ga 24 ko 25, akwai magana. Ki kai masa maganaɗisu, azurfa ba ta kamawa. Sai dai tagulla ma ba ta kamawa, don haka kada ki tsaya nan. Ki ɗora shi a kan yatsa ki ƙwanƙwasa a hankali, na gaske yana ƙara mai tsawo, jabu kuwa ƙwas, ya mutu. Ki duba gefensa, akwai rubutu kewaye.

Sannan ƙawar da ke kafaɗar sarauniyar, wannan ni na fi so. Mutanen zamanin da, ita suke dubawa, in ɗige-ɗigenta sun shafe sai su ƙi karɓa. Har yanzu nan ake gane wanda ya sha yawo.

Wanda aka huda ko aka yi wa kunne don sarƙa, kuɗin azurfarsa kawai za a ba ki. Ni da nawa ne, irin wannan 'ya'yana mata zan bar wa. Ki turo hotonsu gaba da baya, da gefen, a hasken rana.