Hoton Zaure, Hawan Sallah da Katin Jabu

Wani matashi mai ɗaukar hoton biki daga Ringim ya rubuto cikin damuwa cewa idan ya ɗauki dattawa a zaure wajen ɗaurin aure, ko dai fuskokinsu su yi duhu, ko ƙofa da fararen rigunan mutanen waje su ƙone fat, har yana zaton kyamararsa ta lalace. Kwantar da hankalinka, ɗana, lafiyarta ƙalau, inuwa da rana ne ba ta iya haɗawa a ɗauka guda. Nemi AEB a saitinta, wato tsarin ɗaukar hoto iri ɗaya da haske daban-daban, ka sa ta ɗauki hoto uku a jere, a -2, 0 da +2 (mai duhu, matsakaici da mai haske), sannan ka haɗe su su zama hoto ɗaya da manhajar Lightroom, ko Luminance HDR wadda kyauta ce. Ka kafa ta a kan sanda mai ƙafa uku, ka bar faɗin ƙofar hasken kyamarar yadda yake, saurin ɗauka kaɗai ya riƙa canjawa, kuma ka roƙi dattawan su tsaya cak, domin wanda ya motsa zai fito da kai biyu.

Shi kuwa mutumin Bichi da ke son sayen sabuwar kyamara don yin wannan a hawan sallah, ina ya taɓa ganin doki mai sukuwa ya jira hoto uku? Ya adana kuɗinsa, ya ɗauki guda ɗaya na RAW, wato ɗanyen hoton da ake iya gyara haskensa da inuwarsa daga baya.

Wata baiwar Allah daga Gumel ta tambaya ko ta sayi katin memori mai 128GB da ake tallarsa da arha ran kasuwa. Malama, kada ki kuskura. Wannan aiki na ɗaukar hoto uku-uku yana ninka cin wuri sau uku, kuma a nan katin jabu yake kashe mutum: an saita shi ya nuna 128GB alhali cikinsa ƙarami ne, zai yi ta karɓar hotuna ba gardama, sai kin koma gida ki tarar rabinsu ba sa buɗuwa. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, kuma iyayen amarya ba za su saurari uzurin kati ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya sayar da buhunan riɗi ya sayi kyamara, sannan ya tsaya ƙyashin kuɗin abin da zai riƙe masa aikin gaba ɗaya. Ki sayi 32GB na gaskiya a shagon da za ki iya mayarwa, ki karɓi rasit, ki gwada shi da H2testw, manhajar da ke gano ainihin girman kati, a kwamfuta kafin ki je da shi biki.