Amsa ga mai neman sayen RAV4 tokumbo: inda kuɗin gyara yake tafiya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce dillali ya nuna maka RAV4 guda biyu, ɗaya ƙirar 2008, ɗaya 2010, ta 2008 ta fi sauƙin kuɗi, kana tambayar wace matsala aka san su da ita, kuma gyaransu yana cin aljihu ko a'a. Ni 2010 nake hawa shekara da shekaru, ina zirga-zirga da ita tsakanin Kano da Kaduna, kuma 'yan'uwa da abokai da dama sun riƙe irinta a gabana. Shawarata a taƙaice ita ce ka ƙara kuɗi ka ɗauki 2010, in dai binciken da zan gaya maka ya nuna lafiyarta ƙalau.

Dalilina inji ne. A ido motocin kusan ɗaya suke, duk zubin 2006 zuwa 2012 ne, amma abin da ke ƙarƙashin bonet ya bambanta. Daga 2006 zuwa 2008 mai silinda huɗu tana ɗauke da inji 2.4 da ake kira 2AZ-FE, wanda ke cikin Camry ta 2007 da muke ce wa Muscle. An san injin nan da shan baƙin mai, saboda ringin fistin yana toshewa, mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Ba zancen gareji ba ne kawai. Kamfanin Toyota da kansa ya tsawaita garanti a kan wannan matsalar a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000, ma'aunin da ya sa kuwa shi ne motar ta shanye kusan lita ɗaya a cikin mil 1,200. Wasu an gyara su can kafin a turo, wasu ba a gyara ba, kuma garantin ya daɗe da ƙarewa. Daga 2009 motocin Amurka da Kanada suka koma inji 2.5, wato 2AR-FE, wanda bai yi suna da wannan halin ba.

Abin da ya sa na nace a nan shi ne, shan mai ba ya ihu. Ba lallai ka ga hayaƙi a salansa ba, ba kuma za ka ga ɗigo a ƙasa ba. Mutum ya yi juye, ya sakankance sai wata uku, mai kuwa yana raguwa, ranar da fitilar mai ta kama a hanyar Zariya aikin gama ya gama. Daga nan zaɓi biyu ne, ko a sauke inji a canja fistin da ringi da gaskit, ko a sayo injin Beljiyam, wato na gwanjo daga waje, a ɗora. Kowanne ka ɗauka, ya cinye rarar da ka samu a farashin 2008 ɗin, wani lokaci har da ƙari. Injin gwanjon ma ba ka da tabbacin ba shi da ciwon da ya kashe na farko. In kuma kuɗinka bai wuce na 2008 ba, ba haramun ba ce, mutane da yawa suna hawa lafiya, amma sai ka mai da zaro sandar mai al'adarka duk mako.

Kada ka yarda da shekarar da dillali ya faɗa da baki. Ana canja bamba da fitilu a mai da 2007 ta koma kamar 2011. Ka leƙa lambar shasi a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, harufa da lambobi 17 ne. A motocin Amurka da Kanada na goma shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A kuma 2010. Ka gwada ta da wadda ke jikin ƙofa da ta takardar kwastan.

Abu na biyu mai cin kuɗi shi ne zafin inji, kuma yawanci mu muke jawo shi. Wani ƙanena ya kai motarsa gareji don ƙaramin yoyon lagireto, bakaniken ya cire masa tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Ya kuma cika masa da ruwan rijiya. Mota ta ƙara shan fetur, tsatsa ta ci famfon ruwa, ƙarshenta gaskit ya ƙone. Wannan abu yana ba ni takaici ƙwarai, don kuɗin tamostat da galan ɗin ruwan sanyaya inji mai launin hoda bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya kashe daga baya ba. In ka je duba mota, ka tayar da ita da sanyin safiya. Idan fanka ta tashi tare da inji alhali esi a kashe yake, an taɓa wayarin, sai ka tambayi dalili.

Haka batun mai. A murfin injin an rubuta 5W-20 ko 0W-20, amma garejinmu sun saba da 20W-50 mai kauri, wanda ba ya saurin ratsa ƙananan hanyoyin da ke cikin waɗannan injinan. Giya kuma man WS take sha. Kada wani ya zuba maka jan man da ake sayarwa a galan a bakin titi. Giyar mai silinda huɗu mai hawa huɗu ce, tsohon yayi amma mai juriya, muddin ba a gurɓata mata mai ba. In ta mutu, ita ce ta biyu a tsada bayan inji. Lokacin gwaji ka bari ta yi zafi sosai, ka ji ko tana fizga ko tana jinkirin shiga ribas.

Ƙafa kuwa dole ka taɓa ta, ko wace shekara ka saya. Shokazoba, bushin, bol-joyin, tayarod da linkejin sitabilaiza, hanyoyinmu ba sa barinsu su tsufa. Ɗaya-ɗaya ba su da tsada, tarin su ne ke da nauyi, musamman in ka sayi jabu ka dawo bayan damina ɗaya. Akwai wani ƙarfe a ƙafar baya da ake saita taya da shi, wanda kamfanin ya kira a dawo da motocin don duba shi a 2012 saboda tsatsa na iya cinye shi in ba a ɗaure shi da kyau ba. Sa a ɗaga motar ka gani da idonka, don wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tana iya sheƙi a sama ƙasanta kuwa ya ruɓe. Ana kuma jin ƙwas-ƙwas a sitiyarin na 2006 zuwa 2008 in ana juyawa a hankali, sandar tsakiyar sitiyarin ce, gyaranta matsakaici ne.

Tun da kana ƙarƙashin motar, duba abu biyu. Indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, ko yana nan ko an fasa an kwashe, domin ana cire shi a sayar, kuma mayar da na asali yana da tsada. Sannan in mai jan ƙafa huɗu ce, ka tabbata farfela, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, tana wurinta. Wasu in ta fara gurnani a baya sai su cire ta su yi shiru. In ba ƙauye mai yashi ko laka kake shiga ba, mai jan gaba kawai ta ishe ka, kayan lalacewarta sun fi kaɗan.

Mai silinda shida, wato V6 3.5, tana da ƙarfi da daɗin tafiya, ba na musu. Sai dai tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 lissafinta ya canja, kuma wurin injinta a matse yake: kafin a kai ga fulogi uku na baya sai an kwance manifol, canjin famfon ruwa ma aiki ne babba. Kuɗin aikin hannu ke nan ya ƙaru.

Game da farashi, kada ka yi aiki da abin da wani ya biya kafin 2023. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon shekarar, ta haura 1,500 a 2024, kayan gyara kuma duk na shigowa ne. Kafin ka biya dillali, ka rubuta abu biyar, injin Beljiyam, giya, kwamfiresar esi, shokazoba huɗu da lagireto, ka shiga Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tambayi shago uku. Abin farin ciki kayan RAV4 ba sa wuyar samu, wasu na injin ma ɗaya suke da na Camry.

Kada kuma ka zuba duk kuɗinka a saye. Ni nakan ce mutum ya ware aƙalla kashi goma cikin ɗari na kuɗin motar don watan farko: juyen mai da filta, man giya, ruwan lagireto, fulogi, birki, wataƙila da taya da batir. Ranar dubawa ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, da mai sikana. A jona kwamfuta bayan an zaga da motar, ba kafin ba, domin ana goge laifi a kashe fitilar gargaɗi kafin mai saye ya iso. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa ko busasshen taɓo, don ana shigo da motocin da ambaliya ta ci, kuma wayarinsu ba ya gyaruwa. In ka samu lambobin shasin biyun, turo su nan mu duba tare kafin ka ba da kafin alƙalami. Allah Ya sa a saya a sa'a.