Latin ko Girkanci: da wanne zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi karatun nahawu da sarfu a zaure, kuma burina in karanta Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, da harshen da ya yi rubutu. Wasu sun ce dole sai na bi ta Latin tukuna. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba dole ba ne. Fara Latin kafin Girkanci tsari ne na makarantun Turai, domin Latin ya daɗe yana harshen coci da jami'a a can. Amma Girkanci ba daga Latin ya fito ba. Aristotal, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da Girkancin Atina ya yi rubutu, don haka can za ka dosa kai tsaye.

Kuma kana riƙe da jarin da ɗaliban Turai da yawa ba su da shi. Abin da ke fara kayar da su shi ne i'irabi, wato a gane mai aiki da wanda aka yi wa aikin daga ƙarshen kalma, ko ina ta zauna a jimla. Kai kuwa tun ranar da aka biya maka "daraba Zaidun Amran" (Zaidu ya bugi Amru) ka wuce wannan. Larabci na da halayen i'irabi na suna guda uku: rafa'u da nasabu da jarru; Girkanci na da irin waɗannan halaye 5, Latin 6. Har musanna, wato sigar da ke nuna abu biyu, akwai a tsohon Girkanci, ko da yake ba a cika amfani da shi ba. Baƙaƙen Girkanci 24 ne, mako guda ya ishe ka. Su kuma alamomin da za ka gani bisa wasula, asali hawa da saukar murya suke nunawa, abin da kunnen Bahaushe ya riga ya saba da shi.

Inda za ka yi gumi shi ne fi'ili. Kowane fi'ili yana da siffofi na tushe har 6 da ake haddacewa, wasunsu ba sa ko kama da juna. Bayan ma'alumi (sigar mai yin aiki) da majahuli (sigar wanda aka yi wa aiki), akwai siga ta uku, ta aikin da ya koma kan mai yin sa ko don amfaninsa. Nan babu dabara sai hadda da tilawa kullum, ko da rabin sa'a ce, da babbar murya yadda ka saba.

Ina roƙonka kada ka fara da Aristotal. Rubutunsa a dunƙule yake kamar matani marar sharhi, yana sare gwiwar mafari. Fara da Zenofon, marubucin tarihi, sannan Aflatun, malamin Aristotal.

Za ka riƙa cin karo da kalmomin gida a hanya: alƙalami daga kalamos, dirhami daga drakme, falsafa daga filosofiya, duk ta hanyar Larabci suka iso mana. Idan kuma kana son malami ido da ido, Jami'ar Ibadan tana koyar da harsunan biyu tun kafuwarta a 1948.